Yadda ake shirya atisayen aiki tare ga ma'aikatan asibiti

A shekarar 2005 a Ingila wata mata mai suna Elaine Bromiley ta shiga dakin tiyata za'a mata karamin aiki a hanci, lafiyarta kalau. Bayan an bata maganin barci sai aka kasa zura mata bututun numfashi, manyan likitoci uku suka dukufa akanta suna gwadawa suna sake gwadawa, iskar dake jininta tayi kasa sosai ta zauna a haka sama da minti 20. Nas dake wajen sun gane abinda ake ciki, daya ta dauko kayan huda makogwaro ta ajiye tace gasu nan ba wanda ya tanka mata, wata ta je ta nemi gado a sashen kulawa ta musamman ta dawo ta fada aka kalleta kamar ta cika zakewa. Bayan kwana 13 matar ta rasu. Duk wanda yake dakin nan ya san aikinsa, abinda basu taba gwadawa ba shine yin aikin tare a lokacin da hankali ya tashi. Mijinta Martin Bromiley matukin jirgin sama ne, kuma su a fanninsu an dade da shan wannan darasin, tun hatsarin tsibirin Tenerife na kasar Spain a 1977 da jirage biyu suka yi karo akan titin tashi mutum 583 suka mutu, sai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta kira taro a 1979 akan yadda matuka ke magana da juna, daga nan aka fara sasu a jirgin kwaikwayo ana gwada su a matsayin tawaga. David Gaba na jami'ar Stanford shi ya dauko tsarin ya shigo dashi fannin masu bada maganin barci a karshen shekarun 1980.

Toh ga yadda ake hada irin wannan atisayen a sashenku, ko kuna da dakin gwaji mai tsada ko baku da komai sai gado da agogo.

Da farko ka zabi matsala guda daya

Kar kace zaka koyar da komai a zama daya. Duba rahoton abubuwan da suka faru a sashen a 'yan watannin nan, ko ka tambayi masu dutin dare wane abu ne idan ya taso gabansu ke faduwa. Zubar jini bayan haihuwa ne, jijjigar mai ciki ce, jaririn da aka haifa bai yi kuka ba ne, ko tsayawar zuciya a wod. Dauki daya. Sannan ka rubuta abu biyu ko uku kacal da kake so a fita dasu, kuma su zama abinda ido zai iya gani, misali a kira taimako cikin minti daya, a san waye jagora, duk umarnin magani a maimaita shi da baki. Idan ka rubuta "a inganta hadin kai" ka rubuta iska, ba yadda za'ayi ka tsaya da agogo ka auna shi.

Sai hada mutanen

Wadanda suke aiki tare da gaske su zasu yi atisayen tare. Likita, nas, ungozoma, mai bada maganin barci, dan dakin gwajin jini, har mai tura gado da wanda ake aika karbo jini. Kuskuren da aka fi yi shine a ware nas daban ayi musu nasu, likitoci daban, alhali barakar a tsakaninsu take. Kowa ya tsaya a matsayinsa na kullum, kar kace nas ta zama likita yau, kuma yawansu ya zama daidai da yawan da ake samu a duti, idan da daddare mutum hudu ne to da hudu za'ayi ba da goma ba.

Manya fa sai sun shiga. Babban likitan da zai tsaya a bakin kofa ya harde hannu yana kallon yara gara ma kar yazo, domin kowa zai koma yi don idonsa. Idan kuwa ya cire kwat ya shiga, yayi kuskure a gaban kowa kuma ya amsa, ka gama rabin aikinka.

A bangaren masu shiryawa kana bukatar akalla mutum biyu, daya yana tafiyar da labarin yana fadin awon jini da bugun zuciya idan an tambaya, daya kuma bashi da aiki sai kallo da rubutu da lokaci.

Wuri da kaya

Ni a ganina inda ake aikin nan yafi, wato cikin dakin haihuwan ko wod din kanshi, domin anan ne zaka gano silindar oksijin babu abin budeta, ko makullin kabad din magani yana aljihun wanda ya tafi hutu, ko lambar dakin jini da aka manna a bango ta dade da daina aiki. Dakin gwaji na musamman yana da dadinsa, ba mai katse ku, amma komai a jere yake tsaf ba kamar rayuwa ba.

Maganar mutum-mutumi kar ta hanaka farawa. Akwai masu numfashi da kifta ido da ake juyawa da kwamfuta, akwai masu sauki irinsu Resusci Anne da kamfanin Laerdal ya fitar tun 1960, da NeoNatalie na jarirai, da MamaNatalie da mutum ke daurawa a kugu ya zama mai haihuwa. Tun karni na 18 ma wata ungozoma a Faransa, Madame du Coudray, da yadi da fata ta dinka nata ta zaga kasar tana koyarwa. Don koyon aiki tare, ma'aikaciya daya da zata kwanta tana nishi tana cewa jiri nake ji, da zanin gado da aka jika da ruwa mai jan kala, sun fi mutum-mutumin da baya magana tada hankali. Sai dai danna kirji da huda jijiya kam akan roba ake yinsu ba akan mutum ba.

Abu daya da ba'a wasa dashi, kayan bogi. A Amurka tsakanin karshen 2014 da farkon 2015 an daura wa marasa lafiya sama da 40 ledar karin ruwa ta gwaji wacce ba'a kashe kwayoyin cutar cikinta ba, saboda ta shiga cikin kayan gaske ba'a lura ba. Don haka duk sirinji da leda da kwalbar da zakuyi amfani da ita a rubuta mata baro-baro cewa ta gwaji ce, a kirga su kafin a fara a kirga bayan an gama. Kuma ku yanke tun farko cewa idan sashen ya cika ko aka kawo mara lafiya na gaske an fasa, ba gardama.

Rubuta labarin

Shafi daya ya isa. Mu dauki zubar jini. Mace ta haihu minti 20 da suka wuce, mabiyiya ta fita, ungozoma daya ce a dakin. Matakin farko jini na zuba, mahaifa tayi laushi, bugun zuciya 100, awon jini 110 bisa 70. Ka rubuta abinda kake jira, a murza mahaifa, a kira taimako, a auna jinin da ya zuba tunda daga mililita 500 ake kiransa zubar jini kuma ido yana yawan raina shi. Mataki na biyu bayan minti uku bugun ya kai 125 awon jini ya sauka 85 bisa 50 matar ta fara surutai, anan kana jiran kanula biyu manya (robar da ake sakawa a jijiya), karin ruwa, oksitosin (maganin tsuke mahaifa), tranexamic acid (maganin tsayar da jini) giram daya, a tura samfurin jini, a nemi babba. Mataki na uku ya danganta da abinda suka yi, idan sun yi daidai ta fara dawowa, idan basu yi ba ta kara kasa har sai an yanke shawarar tiyata. Magungunan da adadinsu ka dauko daga ka'idar asibitinku kar ka rubuta daga ka.

Sannan ka dasa tarko daya na aiki tare, daya fa. Misali ka shirya da likitan da zai shigo ya fadi adadin magani ba daidai ba, ka gani ko akwai mai gyara masa. Ko mijin matar ya shigo yana ta tambaya. Minti 8 zuwa 12 ya isa duka labarin. Kuma ban goyon bayan a kashe mara lafiyar don a tsorata mutane, musamman sababbi, abinda zasu tafi dashi gida kunya ce ba darasi ba.

Kafin a fara, koya musu maganar

Minti goma a tsaye, abu hudu.

Jagora ya bayyana kansa da baki, "ni zan jagoranta", ya koma wajen kafar gado ya cire hannunsa daga aiki. Da zarar jagora ya sunkuya neman jijiya shikenan dakin ba mai kallonsa gaba daya. Idan babba ya shigo daga baya a mika masa a fili ko yace cigaba ina bayanka.

Na biyu umarni ya tafi da suna ya dawo. "A kawo oksitosin" magana ce da aka jefa a iska, kowa zai dauka wani ne zai kawo. Yadda ake so shine, "Sista wance, oksitosin yunit 10 a tsoka." Ita kuma tace "oksitosin yunit 10 a tsoka, toh Dakta." Idan ta gama tace "an bada oksitosin yunit 10." Da farko mutane zasu ji abin wani iri kamar wasan yara, suna yi suna dariya, barsu suyi dariyar, zai zauna.

Na uku yadda ake kiran taimako. Tsarin da aka fi sani shine SBAR, wanda ya samo asali daga jiragen yakin karkashin ruwa na Amurka, gaba hudu ne, abinda ke faruwa yanzu, takaitaccen tarihi, abinda nake zato, abinda nake so kayi. "Dakta, ina dakin haihuwa gado na biyu, jini na zuba ya wuce lita daya. Haihuwarta ta biyar, ta haihu minti 25 da suka wuce. Ina ganin mahaifa ce taki tsukewa, an bada oksitosin bata amsa ba. Ina so kazo yanzu." Kwatanta da "Dakta dan Allah in ka samu sarari ka leko."

Na hudu shine mai wuyar, karami ya tsayar da babba. Shirin koyar da aiki tare na TeamSTEPPS da aka fitar a Amurka a 2006 yana koyar da hawa uku, na damu, hankalina bai kwanta ba, wannan maganar ran mara lafiya ce mu tsaya. Kuma idan ka fada sau daya ba'a ji ba dole ka sake fada, in an sake share ka ka nemi na sama. Amfanin a amince da kalmomin tun kafin ranar shine karamar nas bata bukatar kirkiro hanyar da zata bi ba tare da an ce tayi rashin kunya ba, ladabinta na nan, "ranka ya dade hankalina bai kwanta da wannan adadin ba", kuma kowa ya san ma'anar jimlar. Ka kara musu da dabarar tsayawa na dakika goma, jagora yace kowa ya dakata, me muke ciki, me muka yi, me ya rage, akwai mai ganin wani abu daban. Dakika goman nan ita aka rasa a dakin Elaine.

Bayanin bude fage

Kar ka tsallake wannan ko da lokaci ya kure. Ka fada musu a fili ba jarrabawa bace, ba maki, ba abinda zai shiga fayil din kowa, abinda ya faru anan ya tsaya anan. Ka fada musu ka dauka kowa anan ya iya aikinsa kuma yana son ya kara kyau. Nuna musu kayan, me mutum-mutumin ke iya yi me baya iya yi, wa zasu tambaya awon jini, waya ta gaske zasu buga ko ta wasa. Ka roke su su dauki abin da gaske duk da sun san roba ce. Idan za'a dauki bidiyo a nemi izini a fadi wa zai gani da ranar da za'a goge. Sannan a sanar da marasa lafiya da 'yan uwansu dake kusa cewa atisaye ne, kar wata ta ga jan ruwa a kasa ta rude.

Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta taba bincike a asibitoci ta tarar tawagogin da suka fi kyawun shugabanci sune suka fi kawo rahoton kuskure, da ta bi diddigi sai ta ga ba wai sunfi kowa yin kuskuren bane, su dai basa tsoron fada. Wannan yanayin kake kokarin ginawa a wannan bayanin bude fagen.

Lokacin da ake yi

Ka ja bakinka kayi shiru. Zaka ga suna bin hanyar da bata bulle ba, bakinka zai rika kaikayi, daure. Idan sun makale sosai ka taimaka ta cikin labarin, mara lafiyar tace "jinin fa yana karuwa", ko ka turo wani ya shigo da sakamakon gwaji. Mai rubutu ya rika kama lokaci da ainihin kalmomi, minti na nawa aka kira taimako, minti na nawa maganin farko ya shiga, wa yace me, wa ya bude baki ya fasa. Kuma komai a yishi da gaske, idan ance a dauko jini mutum ya taka ya je har can ya dawo a ga minti nawa ne, kar ace "mun dauka an kawo". Kana gama ganin abinda kake nema ka tsayar, kace atisaye ya kare.

Zaman bita

Nan ne ake koyon, duk abinda ya gabata share fage ne. Ka bashi ninki biyu na lokacin labarin ko fiye, idan kunyi minti 10 to bita minti 20 zuwa 30. Wanda bashi da lokacin bita kar ma ya fara atisayen. A bar gefen gadon, a zauna a zagaye kowa a kujera daidai da kowa, kai ma ka zauna.

Fara da yaya kuka ji. Bari su sauke numfashi, wani zai ce wallahi na rude, wata tace na manta komai, kar ka yi saurin lallashi ko gyara, ka ji kawai. Daga nan mutum daya ya fadi labarin a jimla biyu uku don a tabbatar kowa abu daya ya fahimta, zaka sha mamaki sau nawa rabin dakin ke zaton matsalar daban ce.

Sai tonon. Akwai hanya biyu da ake bata wannan wajen. Daya shine tsawa, "ya za'ayi kina nas baki san wannan ba", daga ranar ba zata kara zuwa ba, in tazo ma ba zata kara magana ba. Dayar kuma ita ce kewaye-kewaye, ka san abinda ka gani amma ka boye kana ta "ko akwai abinda kuke ganin za'a iya gyarawa", kowa ya san kana da wani abu a ciki, sai zaman ya koma kacici-kacici. Hanyar da Jenny Rudolph da abokan aikinta na cibiyar kwaikwayon aikin likita dake Boston suka koyar tafi min, ka fadi abinda ka gani, ka fadi ra'ayinka akai, sannan ka tambaya da son sani na gaske. "Sista, na ga lokacin da Dakta ya fadi adadin kin daga kai kin kalle shi sannan kika cigaba da zukar maganin, ni a ganina adadin yayi yawa kuma na damu da ya wuce ba'a tsaya ba, me ke ranki a lokacin?" Amsar da zaka samu ita ce zinariyar. Watakila tace na zaci akwai sabuwar ka'ida da ban sani ba. Watakila tace na taba gyara wa wani babba abinda ya biyo baya bai min dadi ba. Amsa ta farko maganinta karatu ne, ta biyu maganinta yana wajen manyan sashen, kaga da tsawa kayi da duk biyun baka ji ba.

Ka tambayi abinda yayi kyau da irin wannan zurfin, me yasa mika jagoranci ya tafi sumul, me kuka yi, domin a iya maimaitawa da gangan. Fara jin ta bakin kanana kafin manya, in babba ya riga magana sauran sai dai su ce haka ne. Kuma ka iya jure shiru, kayi tambaya ka kirga goma a zuci, wani zai yi magana. Idan kai ne kake magana fiye da rabin lokacin to lacca kake ba bita ba. Idan lokaci ya matse, tambaya biyu sun wadatar, me zamu rike, me zamu canza. A karshe kowa ya fadi abu daya da zai yi daban a dutinsa na gaba. In akwai sauran minti goma a sake buga labarin, mutane su tashi da dandanon sun yi daidai.

Wani lokaci atisaye yana tado wa mutum wani mara lafiya da ya taba rasawa a hannunsa. Idan ka ga ido ya kawo ruwa kar ka matsa a gaban jama'a, ka same shi daga baya.

Bayan an tashi

Duk matsalar kaya da tsari da aka gano a rubuta, kowacce da sunan mai gyarawa da ranar da za'a duba. Akwatin zubar jini babu kanula babba, wa zai cika, yaushe. Idan aka yi atisaye sau biyu aka tarar da makullin nan har yanzu ba'a san inda yake ba, mutane zasu daina daukar abin da muhimmanci kuma da gaskiyarsu.

Sannan maimaici. Kwarewar farfado da zuciya tana fara dusashewa cikin wata uku zuwa shida in ba'a taba ta, shi yasa gajeren atisaye akai-akai yafi babban taron shekara-shekara. Asibitin Southmead dake Bristol a Ingila ya fara horar da duk ma'aikatan haihuwarsa tare a shekarar 2000, abinda ya zama shirin PROMPT, kuma jariran da ake haifa da illar rashin iskar kwakwalwa suka ragu da kusan rabi. A Tanzaniya shirin Helping Babies Breathe, da 'yar robar jariri da jakar hura iska, ya rage mutuwar jarirai a ranar farko da kashi 47 cikin dari a asibitocin da aka gwada. Ka sa naku a jadawalin duti kamar kowane aiki, ka rika juya lokacin domin masu dare da masu karshen mako su samu, ka ajiye lokutan da mai rubutu ya kama a takarda daya don a kwatanta na wannan watan da na wancan, kuma tun yanzu ka fara koya wa mutum biyu yadda ake jan zaman bita, saboda ranar da aka maka canjin wajen aiki kar abin ya tsaya.